Sakan ɗin da za a daina ƙarawa, da inuwar azahar a Damargu

A watan Nuwamba na 2022, babban taron ma'aunai na duniya da ya zauna a Faransa ya yanke cewa nan da 2035 za a sassauta ɗaurin da ke tsakanin agogon duniya da juyawar ƙasa. Juyawar ƙasa ba ta kai agogon atom daidaito ba, shi ya sa tun 1972, duk sa'ad da tazararsu ta doshi sakan guda, sai a cusa sakan ɗaya a ƙarshen Yuni ko Disamba. Sau 27 aka yi haka, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016, kuma ƙarin yana rikita kwamfutoci. Musulmi yana da hakkin tambaya ko lokacin salla zai goce idan an daina wannan ƙarin. A ganina ba zai goce ba, domin shari'a ba ta taɓa rataya salla a kan agogo ba.

Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san azahar tana shiga ne idan rana ta karkata, inuwa ta daina raguwa ta fara tsawo, la'asar kuwa idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ware inuwar zawali. Sandar da aka kafa a farfajiyar masallaci ta isa shaida. Damargu kuwa ta daɗe da sanin cewa agogo da rana ba bakinsu ɗaya ba. Agogon Nijar an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, alhali Tanut da ke Damargu tana kusa da digiri 9, kowane digiri kuma minti huɗu ne. Saboda haka rana takan kai tsaka a Tanut wajen 12:08 a farkon Nuwamba, wajen 12:38 a tsakiyar Fabrairu, a Belbeji da ke yamma kuma sai an ƙara mintoci kaɗan. Ladanin da zawalinsa ke yawon rabin awa a kowace shekara, sakan 27 a cikin rabin ƙarni ba abin tayar masa da hankali ba ne.

Wani zai ce tazarar za ta riƙa taruwa, kuma yau da jadawali da waya ake kiran salla, balle lokacin hunturu da hazo ke rufe rana, inuwa ta ɓace. Wannan magana ce mai nauyi, musamman ga mai azumi da ke jiran magariba. Amma jadawali lissafi ne na matsayin rana, kuma mai lissafi zai iya shigar da tazarar kamar yadda yake shigar da matsayin gari. Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki jadawalin Damagaram a manna a bangon masallacin Belbeji, inda kuskuren ya kai mintoci tun yau, ba tare da an sami ɗalibi ko ɗaya da zai kafa sanda ya gwada shi da inuwa ba.