Tartsatsin Filogi da Hukuncin Al'ada

Tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 404 ko 504, irin wadda ake lodin albasa da shanshera a cikinta tsakanin Gwandu da Kalgo da Jega, tana tashi ne da tartsatsin da filogi yake bayarwa a cikin silinda. Ƙarfin batir volt 12 ne kacal. Kwayil ne yake ɗaga shi zuwa wajen volt 20,000, distiributa kuma ta raba wa filogi huɗu, kowanne a lokacinsa, bisa jerin 1-3-4-2. A tsohon tsari kontak ne yake buɗewa yana rufewa don katse wutar kwayil. Da yake bakinsa yana ƙonewa, kamfanonin motoci na Amurka suka maye gurbinsa da na'urar lantarki a shekarun 1970, kuma masu rewaya sukan cire tsohuwar distiributa su ɗaura irin wannan, galibi 'yar gwanjo.

Jona mata wuta yana da sharuɗɗa. Motoci da yawa masu kontak suna da rizisto a kan wayar da ke zuwa kwayil, wanda yake rage wutar zuwa wajen volt 9 don kontak ya yi ƙarko. Sabuwar distiributa, musamman mai kwayil a jikinta, cikakken volt 12 take so. In aka jona ta ba a tsallake rizisto ba, mota za ta tashi, amma da an yi mata lodi ta kama hawa sai ta riƙa sarƙewa. Makulli ma wurin tuntuɓe ne. Wayar rediyo tana da wuta in makulli yana kunne, sai dai tana ɗaukewa lokacin kik, inji ya yi ta juyawa babu tartsatsi. Wanda ya jawo kai tsaye daga batir kuwa, zai kashe makulli ya zare, mota tana ta ruri. Shi ya sa gwanin mai rewaya yake maƙala kwan gwajinsa a jikin bodi, ya dangwala tsinin a kan waya, ya ce wa yaronsa, "Murza!" Wayar da kwan bai mutu a kanta ba lokacin kik, ko da ya ɗan dushe, kuma ya mutu da an kashe makulli, ita ce abin nema.

Tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa tana nan a wannan ɗan aiki: idan tartsatsi ya faɗa wa fetur da iska suka kama, mene ne ya kunna su? Direba yakan ce, "Maigida, Allah ke tada mota," mai rewaya ya amsa, "Haka ne, Alhaji, amma wayar nan ba wuta." Kowannensu yana riƙe da gefe ɗaya na mas'alar sababi.

Karatun da aka gada a Gwandu, garin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har ya rasu a 1829, Ash'ariyya ne a aƙida, Malikiyya a fiƙihu. A wajen Ash'arawa babu mai tasiri sai Allah. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa. Abin da ido ya gani, in ji shi, shi ne auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta. Ido bai ga cewa wutar ce ta yi ƙonawar ba. Allah ne yake halittar ƙuna a daidai lokacin haɗuwar, kuma in Ya so ba zai halitta ba, kamar yadda ya faru ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Shehu Muhammad Sanusi na Tilmisan, mai Ummul Barahina, wanda ya rasu a 1490, ya raba hukunci uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda an ga suna zuwa tare a kai a kai, tare da yarda cewa saɓawa tana yiwuwa, kuma ɗayansu ba ya tasiri a kan ɗayan. Volt 12 da tartsatsi, tartsatsi da tashin inji, duk a wannan babi suke. Abin lura shi ne hanyar sanin wannan hukunci maimaici ce, wato gwaji. Ba a samun sa da zurfin tunani, kuma babu nassin da ya faɗi wayar da za a jona. Sai an dangwala kwan gwaji.

Ibn Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, bai yarda da Gazali ba. A raddinsa, Tahafutut Tahafut, ya ce musanta sababi rushe ilmi ne, domin sanin abu shi ne sanin dalilansa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bi wata hanya: Allah ne ya halicci sababi, ya sanya masa ƙarfi na haƙiƙa, don haka wuta tana ƙonawa da ƙarfin da aka ba ta, amma ba ta cin gashin kanta, sai sharuɗɗa sun cika kuma babu abin da ya hana. Wannan ra'ayi ya ƙara yaɗuwa a Arewa bayan kafa Izala a Jos a 1978. Maganar sharuɗɗa da abin hanawa ta fi kusa da harshen gareji, inda ake sanin tartsatsi mai kyau ba ya tada injin da fetur bai isa gare shi ba.

Saɓanin na gaske ne, kuma littattafan tauhidi sun zafafa a kansa. Duk da haka bai shafi aikin hannu ba. Wanda ya ce Allah yana halittar tartsatsi a lokacin da wuta ta isa kwayil, da wanda ya ce yana halittarsa da wutar, dukkansu dole su tsallake rizisto. Ba'ash'are bai da hujjar sakaci, tunda al'adar da Allah ya gudanar ba ta saɓawa don mai rewaya ya yi ganganci. Keta ta babin mu'ujiza da karama ne. Kuskuren da ya fi yawa ma bai shafi malaman tauhidi ba: mutum ne zai murɗa waya da hannu ba fiyus, ya naɗe ta da leda, ta gogi ƙarfe ta ƙone wayarin mota, sannan ya ce ƙaddara ce.

Fiƙihun Malikiyya ya rufe wannan ƙofa a babin lamuncewar masu sana'a. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta tabbatar cewa mai sana'a yana biyan abin da ya lalace a hannunsa bayan idon mai shi, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Malamai sun gina hukuncin a kan maslaha, domin jama'a ba su da makawa sai sun kai kayansu. Ana ɗauke masa biya in shaidu suka tabbatar abin ya halaka ba da sakacinsa ba, kamar gobara ta taso daga maƙwabta ta ci garejin. In kuma a gaban mai motar aka yi aikin, ko a gidansa, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare ƙa'idar sana'a. Alƙali a nan ga masana sana'ar yake komawa, su faɗi ko barin waya ba fiyus da jona distiributa kai tsaye daga batir abu ne da gwani yake yi.