MAGANIN KARE DA HAKKIN MAƘWABCI

Shin daidai ne mutum ya kashe kuɗi kan maganin kare ko kyanwa, alhali akwai masu kwana da yunwa?

Bari mu ɗauki misali guda. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke zuba sinadaran narkar da abinci cikin hanji. Idan wajen kashi 90 cikin 100 nata ya lalace, dabba za ta yi ta ci ba ƙoshi, tana zawo mai maiƙo, tana ramewa har haƙarƙari su fito. Cutar ta fi kama karnukan Jamus irin na 'yan sanda, kyanwa ma ba ta tsira ba. Maganin shi ne garin sinadaran, wanda akan samo daga fankiriyas na alade, a gauraya shi da kowane abinci muddin rai. Sau da yawa sai an haɗa da allurar bitamin B12, domin gaɓar ce ke taimakon hanji ya tsotse shi. Ga mai samun magani, lafiya takan dawo. Ga marar samu, yunwa ce ke kashe shi a gaban akushi cike.

Wani zai ce, ai dabba ce kawai. Amma wanda ya kawo kare gidansa don gadi ya ɗauki amana. Akwai kuma bashi a kanmu. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare wannan gaɓa, sai ya kamu da ciwon suga. A 1921, a Toronto, da karnuka ne Banting da Best suka yi gwajin da ya kai ga insulin, wanda masu ciwon suga ke rayuwa da shi har yau. Katikisma ta Ikklisiyar Katolika ta 1992, a sakin layi na 2418, ta koyar cewa sa dabba ta wahala ba dalili ya saɓa wa darajar ɗan Adam.

Sai dai wannan sakin layin ya kuma gargaɗe mu kada mu kashe wa dabbobi abin da ya kamata ya fara zuwa ga matalauta. A nan ne ake bukatar rarrabewa. Magani daban, ƙawa daban. Dabba mai lafiya da ke cin cikakken abinci ba ta bukatar tarin bitamin, yawan bitamin A ma yakan lalata ƙasusuwan kyanwa. Kuɗin da aka zuba a nan bai amfani dabba ba, bai amfani mutum ba.

Saboda haka, idan likitan dabbobi ya gwada jini ya tabbatar da cutar, a yi magani in da hali, ba tare da an taɓa abincin yara ko kuɗin makarantarsu ba. In ba hali, a nemi shawararsa, kada a kori dabbar ta mutu a juji. Mu kuma tuna da mai arzikin nan na Luka sura 16. Karnuka sun lura da Li'azaru a ƙofarsa, shi kuwa bai lura ba. Wanda ya san ramar karensa, ya kamata ya san ta maƙwabcinsa tun kafin nan.

Allah ya ba mu zuciya mai jinƙai da hikimar sanin abin da ke gaba.