Me Mai Shago Ke Sayarwa Idan Ya Sayar da Shago?

Mutumin da ya shekara ashirin yana buɗe shago da sassafe yana da ikon ya ce ya gaji. Babu wanda ya isa ya ɗaure shi a bayan kanta don kawai unguwa ta saba da fuskarsa. Abin da ya fi wuyar amsawa shi ne me yake miƙa wa mai saye.

Idan aka yi wa firiji da janareta da kayan da ke kan katako kuɗi, sau da yawa ba su kai abin da aka biya ba. Rarar kuɗin suna ce. Mai saye yana biyan kuɗin matar da ke aiko ɗanta ba tare da ta tambayi farashi ba, da dilan da ke sauke kaya a biya shi bayan sati biyu, da yaron shagon da ya san wanda ake ba bashi. Akantoci ma suna rubuta wannan rara cikin kadarori. Sai dai yardar nan a zukatan wasu take zaune, kuma ba a gayyace su wurin cinikin ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja, babban misali yana cikin wayar kusan kowannenmu. A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19, lokacin ma'aikatan kamfanin ba su kai 60 ba, masu amfani da shi kuwa sun kai miliyan 450. Ba kujerun ofis aka saya da wannan kuɗin ba. Jan Koum da Brian Acton sun gina sunansu ne a kan ƙin talla da ƙin tara bayanan mutane, kuma bayan cinikin Koum ya fito ya tabbatar wa jama'a cewa hakan ba zai sauya ba. A Agustan 2016 aka sauya ƙa'ida, WhatsApp ya fara ba Facebook lambobin wayar masu amfani da shi. A 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Facebook tarar yuro miliyan 110 saboda bayanan da suka ɓatar da ita lokacin da take duba cinikin. Acton ya bar kamfanin a shekarar, Koum ya bi shi a 2018. Daga baya Acton ya shaida wa mujallar Forbes cewa sirrin masu amfani da manhajarsa ya sayar.

Ban ɗauki mutanen biyu maƙaryata ba. Alkawari suka yi a kan gidan da suka riga suka miƙa mukullinsa. Mai shagon da ke ce wa abokan cinikinsa "komai zai ci gaba yadda yake" shi ma haka yake yi, ko da zuciya ɗaya ya faɗa. Duk ikon da yake da shi kafin a shafa fatiha ne: wa zai sayar wa, wa zai sanar, me zai ƙi haɗawa cikin cinikin.

Wasu za su ce ma'aikata ya kamata ya bar wa. Bob Moore, mai kamfanin garin hatsi na Bob's Red Mill a jihar Oregon ta Amurka, ya fara mayar da kamfaninsa hannun ma'aikatansa a 2010. Abin yabo ne, amma ba zan ɗora wa mai shagon da shagon ne kaɗai fanshonsa wannan nauyi ba. Akwai abin da ya fi sauƙi. Fiƙihu ya ba abokin tarayya a gida ko gona haƙƙin shufa'a, wato shi ya fi cancanta da sayen kason da za a sayar, don kada a jibgo masa baƙon da zai cutar da shi. Hukuncin bai shafi yaron shago ba, amma dalilin ya shafe shi. Wanda ya yi shekara goma yana jan ƙofar nan ya cancanci a fara yi masa tayi, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. In ba zai iya ba, a sallame shi da jari kamar yadda iyayen gida ke yi a kasuwanninmu, kuma ya ji labarin daga bakin ubangidansa, kada ya tsince shi a bakin mai shayi.

Sai littafin bashi, wanda aka fi mantawa da shi. Telan da ake bin sa naira dubu takwas ya karɓi kayan ne daga hannun wanda ya san sai bayan Sallah yake biya. Sabon mai shago suna da adadi kawai zai gani, ya aika a karɓo ranar Juma'a. Gara mai tafiya ya zauna da littafin nan shafi-shafi, ya yafe abin da zai iya, ya karɓi abin da zai karɓu, sauran kuma ya kira masu shi gaban mai saye a yi magana ido da ido. Lambobin wayar da ke bayan littafin kuwa, shi aka ba don ya kira idan kaya sun iso, sai ya tambayi masu su kafin ya miƙa.