Wa Ya Yi Wannan Tulu?

A gidajen gwanjon kayan tarihi na Turai, idan aka kawo tsohon tulun furanni na gilashi, ƙwararre yakan dubi sunan da ke jikinsa, amma ba ya tsayawa nan. Suna shi ne abu mafi sauƙin sata.

Ga misali. Émile Gallé mutumin garin Nancy ne a Faransa, ya shahara wajen yin tuluna masu launi bisa launi. Akan ɗora gilashi kala biyu ko uku, sannan a cinye na saman da asid ko a sassaƙe shi, har furanni da mazari su fito. Yau kasuwa cike take da jabun aikinsa, kowanne ɗauke da sunansa. Don haka masani yakan juya tulun ya duba gindinsa, ya ji nauyinsa, ya ɗaga shi wajen haske ya ga ko launukan suna da zurfi, ko jijiyoyin ganyen sun fita da kyau. Mai jabu ya iya rubuta suna, amma haƙurin aikin yakan gagare shi.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan wuya. Gallé yana da ma'aikata da yawa. Wani ne yake hura gilashin a bakin tanderu, wani ya zana, wani ya goge. Ya rasu a 1904, masana'antar kuwa ta ci gaba da aiki shekaru bayan haka, har aka ɗan yi lokaci ana sa tauraro kusa da sunansa, alamar cewa ba ya raye. To, tulun da hannunsa bai taɓa ba, nasa ne? Masana sun ce nasa ne, ni ma na yarda. Ba yatsun da suka riƙe sandar ƙarfe ake tambaya ba. Ana tambayar wanda ya yi tunanin siffar, wanda ma'aikata suka bi nufinsa.

Ikilisiyar Koranti ta yi tuntuɓe a daidai nan. Waɗansu suka ce su na Bulus ne, waɗansu na Afolos. A sura 3 ta wasiƙarsa ta fari, manzo ya nuna musu cewa shi da Afolos ma'aikata ne kawai, girman kuwa daga Allah yake. Mu ma haka muke yi. Ka tambayi ɗan'uwa labarin bangaskiyarsa, sai ya faɗa maka sunan faston da ya ɗora masa hannu da babban taron da ya je. Ban raina bayin Allah ba, ni ma aikina ke nan. Amma mai hura gilashi ba ya sa sunansa a tulun maigidansa.

Suna a kan riga, ko takardar baftisma a cikin akwati, kowa yana iya samu. Waɗanda suke zaune da kai ba su duba waɗannan. Matarka ta san muryarka idan ranka ya ɓaci. Yaron shagonka ya san mudun da kake awo da shi, mai binka bashi kuma ya san ko kana ɗaukar waya idan wata ya ƙare.