RUWAN ALWALA DABAN, RUWAN SHA DABAN: NASIHA GA MUTANEN TAKUR DA KEWAYE



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya shayar da mu ba da wayonmu ba. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai tambayar da take yawan zuwa, musamman idan damina ta kankama: "Malam, idan aka kawo ruwan famfo yakan fara zuwa ja-ja, wani lokacin har da ɗan wari. Ya halatta a yi alwala da shi?" Tambaya ce mai kyau, kuma alama ce ta mutum yana kishin sallarsa. Sai dai da wuya ka ji wanda ya ɗora da cewa: "To ya halatta in ba 'ya'yana su sha?" Da yawanmu mun ɗauka amsar ta farko ta wadatar da ta biyu. Wannan zaton yana kwantar da yara a asibiti, wasu ma yana kai su maƙabarta.

ABIN DA FIƘIHU YA CE

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san ana duba siffofi uku a ruwa: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan ya najastu, kuma Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai a kan haka. Idan abu mai tsarki ne ya canza shi, kamar sabulu ko nono, ana iya wasu ayyukan gida da shi, amma ba a ibada da shi. Idan kuma canjin daga mazauninsa ne, kamar jar ƙasa ko gansakuka, ba ya cutar da tsarkinsa. Shi ya sa manomi zai yi alwala da ruwan kududdufi a gona, sallarsa ta yi.

Saboda haka amsar mai tambaya ita ce: in jan na ƙasa ne ko tsatsar bututu, yi alwalarka. In warin kwata ne ko na shadda, kada ka yi, bari ya zuba har ya washe.

To amma a lura da kyau. Wannan ma'auni na siffofi uku an kafa shi ne don ibada, kuma rahama ce, domin Allah bai ɗora wa Baƙauye ko matafiyi ya kai ruwa ɗakin gwaji kafin ya yi sallar Asuba ba. Shi kuwa ci da sha, bayan sharaɗin tsarki akwai wani sharaɗin, wato kada abin ya zama mai cutarwa. Ɗauki misalin guba. Yawancin guba ba najasa ba ce a fiƙihu, in ta taɓa rigarka za ka yi salla da ita, amma shanta haramun ne babu saɓani. Ke nan abu yakan zama mai tsarki kuma ya zama mai kisa. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Kofi ɗaya garai-garai yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda.

YADDA RUWAN FAMFO YAKE GURƁACEWA

Wani zai ce, ai ruwan famfo an tace shi, an zuba masa magani. Na'am, yana iya barin ma'aikatar ruwa lafiya lau. Matsalar tana kan hanya. Bututun da yake cike da ruwa mai ƙarfi, in ya huje, ruwa ne yake fita waje. Amma mu a nan ba dare da rana ake ba da ruwa ba. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai hujin nan ya koma zuƙo abin da yake kewaye da shi. To ka tsaya a lungunku ka duba ta ina bututun gidajenmu suke bi. Da yawa a cikin lambatu suke kwance, an ɗaure mahaɗarsu da tsohuwar robar tayar babur. Idan aka dawo da ruwa, abin da bututun ya zuƙa shi ne yake fara isowa bokitinka. Wanda kuma ya jona injin ja kai tsaye a jikin babban bututu yana ƙara wannan zuƙar, ya cika tankinsa, ya jawo wa layin gaba ɗaya ƙazanta.

Masu rijiyar burtsatse su ma kada su ce sun tsira. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gari yake ta cika. Takur, Yalwawa, Danmasara, Fagoji, gida jikin gida. Kowa ya haƙa rijiyarsa, kowa ya haƙa shaddarsa, a fili ƙarami. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin shadda da rijiya. Filaye nawa ne a cikin gari suke da wannan faɗin? Sau da yawa rijiyar Malam wane katanga ce kawai ta raba ta da shaddar maƙwabcinsa.

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumominta 27. Abin godiya ne. Amma aikin bai ƙare ba, domin ƙazantar da muka ɗauke daga fili mun mayar da ita cikin ƙasa ne, kuma daga cikin ƙasar muke jan ruwan sha.

WANNAN BA TATSUNIYA BA CE

A shekarar 2021 Hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu. Jigawa ce ta biyu bayan Bauchi, da mutum sama da 15,000, kuma Dutse tana cikin inda abin ya taɓa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Muna fata musu ladan shahada, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya lissafa wanda ciwon ciki ya kashe a cikin shahidai. Amma shahadar mamaci ba ta wanke sakacin rayayye.

A birnin Landan ma an taɓa yin irin wannan a 1854. Kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida, ya gano mafi yawan mamatan daga famfon rijiya ɗaya suke sha, a titin Broad. Ruwan kuwa mutane yabon daɗinsa suke yi, har wata mata da ta ƙaura nesa take aikawa a ɗebo mata, ita ma ta rasu. Hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazantar wani gida, ko mita ɗaya babu tsakaninsa da rijiyar. Kun ga ido da harshe ba su isa shaida ba.

SUNNA TA RIGA KOWA

Abin da zai ba ka kunya shi ne, mu aka fara koya wa wannan. Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. A hadisin Mu'azu ɗan Jabal (RA) wanda Abu Dawud ya ruwaito, ya gargaɗe mu game da wurare uku da bahaya a cikinsu yake jawo tsinuwa: mashayar ruwa, tsakiyar hanya da inuwa. Ya umarci wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannu a mazubi sai ya wanke shi sau uku. Ya hana numfashi a cikin ƙwarya yayin sha. A hadisin Jabir (RA) cikin Sahihu Muslim ya yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka, ya kuma ambaci annoba a matsayin dalili.

Malamanmu na Malikiyya ma ba su bar maganar ba. A cikin Mudawwana akwai babi guda a kan harabar rijiyoyi, kuma hukuncinsu shi ne wanda ya haƙa shaddar da take ɓata rijiyar maƙwabcinsa ana hana shi, ko da a cikin filinsa ya haƙa. "Ai gidana ne" ba hujja ba ce a nan, domin shari'a ta hana ka cutar da kanka kuma ta hana ka cutar da wani.

KOWA DA HAƘƘIN DA YAKE KANSA

1. Maigida. Kai ne makiyayin gidanka kuma za a tambaye ka. Yaushe rabon da a wanke tankin da yake saman gidanka? Yana da murfi? Ɗaga bututunka daga cikin kwata, ka kira mai gyaran famfo ya yi maka haɗi na ƙwarai. Kuɗin bai kai na kwana biyu a gadon asibiti ba.

2. Uwargida. Randa a wanke ta, a rufe ta, a ware mata moɗa mai hannu wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Sau da yawa ruwa yakan iso gida lafiya, hannun yaro ne yake ɓata shi a bakin randa.

3. 'Yan garuwa da masu sayar da ruwa. Sana'arku mai albarka ce, ku ne kuke shayar da unguwanni. Amma jarkar da cikinta ya yi kore, ko aka toshe bakinta da leda daga bola, ko aka ɗebo daga inda kai kanka ba za ka sha ba, wannan algus ne, kuma Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus. Masu ruwan leda kuma, buga lambar NAFDAC ta ƙarya cin amana ne a kan cin amana.

4. Masu hali da suke gina rijiya sadaka. Kun bi sawun Sayyidina Usman (RA) da ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga Musulmi, da Sa'adu ɗan Ubada (RA) da aka nuna masa shayar da ruwa a matsayin sadaka ga mahaifiyarsa. Ku cika ladanku: a duba wurin kafin a haƙa, a kai ruwan a gwada, a ware kuɗin gyara. Kwamitin masallaci ma haka, tankin masallaci ba na alwala kaɗai ba ne, almajirai da masu wucewa daga nan suke sha.

5. Hukuma da masu unguwanni. Ruwan jama'a amana ne. Gyaran bututun da ya fashe, da zuba magani yadda ya kamata, da gwada ruwa a ƙarshen layi ba a ma'aikata kaɗai ba, duk suna cikin abin da shugaba zai amsa a gaban Allah. Mu kuma talakawa, in mun ga bututu ya fashe mu kai rahoto Hukumar Ruwa, kada kowa ya tsallake ya ce ba nasa ba ne.

ABIN YI A GIDA DAGA YAU

Idan an kawo ruwa, kada a tari na farko don sha, a bar shi ya washe, na farkon a yi shara ko ban ruwan shuka da shi.

Ruwan sha, musamman na yara da tsofaffi da masu juna biyu, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa sosai, a bar shi ya huce a rufe. In itace ko gawayi ya yi tsada, akwai maganin kulorin na tsaftace ruwa, irin su Aquatabs da WaterGuard. A bi ƙa'idar da aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Ɗan warin maganin ba ya hana alwala a fatawar malaman wannan zamani da dama, kuma shi ne alamar ruwan yana da kariya.

Alif da ake jefawa a ruwa yana kwantar da laka ne, ruwan ya yi kyan gani, amma bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba. Bayan alif sai an tafasa ko an sa magani.

Idan wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ko da amai ko babu, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko a haɗa na leda da ake sayarwa a kemis. A tafi asibiti ana ba shi a hanya. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A yi addu'a, a yi tofi, amma ana tafiya ana yi.

GAME DA MASU CEWA "KOMAI ƘADDARA NE"

Gaskiya ne, babu abin da zai same mu sai da izinin Allah. Amma da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da mutanensa. Da Abu Ubaida (RA) ya yi masa magana a kan gudun ƙaddara, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Waye a cikinmu ya fi Umar tawakkali? Tafasa ruwa riƙo da sababi ne, kamar ɗaure raƙumi. Kakanninmu ma da ake cewa sun sha ruwan tafki sun rayu, a tambayi tsofaffinmu 'ya'ya nawa suka binne kafin yaye.

'Yan uwa, yadda muke taka-tsantsan kada ɗigon fitsari ya taɓa tufafin salla, haka ya kamata mu yi da abin da yake shiga cikin 'ya'yanmu, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da shari'a ta zo ta kare. Limamai 'yan uwana, mu shigar da wannan cikin huɗuba da karatun bayan Magariba. Wanda ya karanta kuma ya isar wa na gida, musamman iyayenmu mata da ba sa hawa intanet.

Allah Ya shayar da mu ruwa mai albarka, Ya kare garinmu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya shiryi shugabanninmu ga riƙon amana, Ya shayar da mu daga tafkin Annabi (SAW) ranar ƙishirwa mai tsanani. Amin.

Wallahu a'alam.