Jan Dokin Kaka

A zauren gidanmu da ke Katsina akwai wani allo na kwali mai kauri wanda ya girme ni. Kakana ne ya sayo shi a Maraɗi, zamanin da yake fatauci ta hanyar Jibiya. Faransawa suna kiran wasan da ake yi a kansa petits chevaux, wato ƙananan dawaki, mu kuwa sukuwa muke ce masa. Mutum huɗu ne suke zama, kowa da launinsa da dawakinsa huɗu a barga. Akwai gurbi 56 da suka kewaye allon, sannan kowane launi yana da tsani mai hawa shida da ke kaiwa tsakiya. Ana jefa 'yar ƙwaya mai fuska shida, doki kuma ba ya fita daga barga sai an jefo shida. A ƙa'idar gidanmu doki ba ya tsallake doki, amma idan lissafinka ya sauke ka daidai a gurbin da dokin wani yake tsaye, to ka ture shi ke nan, sai ya koma barga ya jira wata shidar, ko da saura taki ɗaya ya kama tsani.

Wasan jika ne ga pachisi na ƙasar Indiya, wanda ake yi da wuri, kuma ɗan'uwa ne ga ludo da aka yi wa rajista a Ingila. Na san malamai da dama sun yi magana mai nauyi a kan duk wasan da ake jefa ƙwaya, mahaifina ma bai taɓa zama gaban allon ba. Sharaɗin Kaka biyu ne: ba a sa ko kwabo, kuma da an kira salla an naɗe. Waccan muhawara tana da masu ita. Tambayar da ta dame ni ta fi ta ƙanƙanta a ido, ga ta: idan ka samu damar ture dokin wanda kake ƙauna, ka kau da kai da gangan don ya ji daɗi, alheri ka yi masa ko kuwa wani abu ka ƙwace masa?

Ban taɓa tunanin tambaya ce ba sai da Kaka ya kwanta. Kafin nan, shi ne mafi rashin tausayi a cikinmu. Ja ne launinsa, ba mai taɓa masa. Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, yana kirana mijin tsohuwa, yana cewa na zo ƙwace masa mata, saboda haka duk inda ya hango dokina sai ya bi shi. In ya ture ni, ba ya bari na ɗauke dokin da kaina. Shi zai ɗauka da yatsu biyu, ya yi masa haniniya, ya ajiye a bargata, ya ce a ba shi dusa. Taubasaina da abokina da muka yi jami'a tare duk sun sha wannan wulaƙanci, kuma saboda shi suke dawowa.

Shekarar da na gama digiri, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tashi, amma hannun dama ya yi nauyi, magana kuma ta zama sai da lallami. Da aka fara fito da shi zaure bayan la'asar, shi da kansa ya nuna allon da haɓa. A wasan farko na jefo huɗu. Jan dokinsa yana gurbi huɗu daidai a gabana, saura masa kaɗan ya kama tsani. Ina da wani dokin a waje, can baya, wanda matsar da shi ba ya cutar da kowa. Shi na matsar. Ba wanda ya ce uffan, ba mu kuma taɓa zama mun shirya ba, amma daga ranar kowa ya ɗauki wannan hanya. Cikin mako biyu Kaka ya ci wasa biyar a jere.

A na shida, bayan na sake kau da kai, sai ya dube ni ya ce, “Mijin tsohuwa, yaushe ka makance?” Na yi dariyar yaƙe na ce ban lura ba. Ya tura allon da hannun hagu, dawaki suka zube. “Ku naɗe,” in ji shi. “Ban mutu ba tukuna kun fara yi mini sadaka.” Ya yi wata uku bai sake neman allon ba.

Mahaifiyata ta ce rigimar tsufa ce kawai, kuma hujjarta ba ta raini ba ce. A wurinta, mutumin da likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa saboda hawan jini, mene ne dokin roba da za a fifita a kan farin cikinsa? Ta ce tarbiyyarmu gaba ɗaya a kan kara aka gina ta. Yaro ba ya riga babba sa hannu a kwano, ba ya zama a kujera babba yana ƙasa, ba ya kayar da shi a magana ko da shi ke da gaskiya. Me zai sa ladabin da ake yabo a ko'ina ya zama laifi a kan allo? Ta kuma tuna mini abin da na manta: ina ɗan shekara shida, Kakan nan da kansa yakan yi kamar bai ga dokina ba, har na ci, na yi ta tsalle. In abin da ya yi mini alheri ne, ta yaya nawa zai zama cin fuska?

Na daɗe ina juya wannan magana ta ƙarshe, domin ita ce mai ƙarfi. Abin da na gano shi ne, aikin iri ɗaya ne amma inda ya fuskanta ya bambanta. Rangwamen da ake yi wa yaro na ɗan lokaci ne, kowa ya san ranar janye shi tana zuwa. Ana riƙe masa linzami ne har ƙafarsa ta kai likkafa. Ina iya tuna ranar da Kaka ya fara ture ni ba sassauci, na yi kuka, amma a ranar na san na shiga sahun 'yan wasa. Rangwamen da muka yi wa tsoho kuwa ba shi da ranar janyewa. Ba mu sa ran zai ƙara ƙarfi har mu daina. Saƙon da ke cikinsa, ko mun nufa ko ba mu nufa ba, shi ne an sallame shi daga sahu, ya koma cikin waɗanda ake lallaɓawa.

Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, a littafinsa Homo Ludens na 1938, ya lura cewa jama'a sun fi yi wa mai maguɗi uzuri a kan mai ɓata wasa. Dalilinsa shi ne, mai maguɗi har yanzu yana nuna cewa cin wasan abin nema ne, shi ya sa yake sata, amma mai ɓata wasa yana rushe yardar da ta haɗa 'yan wasa tun farko. Da na karanta wannan a jami'a, na ɗauka mai ɓata wasa shi ne wanda ya yi fushi ya watsar da allo. Idan haka ne, Kaka ne mai laifi. Sai daga baya na ga cewa mu muka riga shi watsarwa, a hankali, cikin murmushi. Allon yana shimfiɗe, ana jifa, ana matsar da dawaki, amma tsere ya ƙare tun ranar da mutum uku suka daina neman cin na huɗu. Abin da ya rage kwaikwayo ne, shi kaɗai ne kuma ba a gaya wa ba.

Wani zai ce ai wasan sa'a ne, ina abin mutunci a ciki? Gaskiya ne sa'a ce take da kaso mafi tsoka. Damar jefo shida ɗaya ce cikin shida, kuma lissafi ya nuna cewa kusan sau ɗaya cikin uku mutum zai yi jifa shida a jere bai gan ta ba. Ba dabarar da take canza wannan. Amma wannan ne ma ya sa wasan ya dace da Kaka bayan ciwonsa. Ƙwayar ba ta san hannu ya shanye ba. Ba ta san mai digiri ba, ba ta san mai furfura ba. A gida an riga an karɓe masa mukullin shago, ana yanka masa nama ƙanana, ana rage murya idan ya shigo, ana amsa masa da “to” kafin ya gama magana. Allon nan shi ne wuri ɗaya tak da ya rage inda abin da zai same shi daidai yake da abin da zai sami kowa. Ɗan zaɓin da wasan ya bar wa ɗan Adam, wato wane doki za ka matsar, da shi muka yi amfani muka shigo da ɗakin jinya cikin zaure.

A laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirkii, Anthony Kirk-Greene ya jero halayen da Bahaushe yake auna nagarta da su, daga ciki akwai gaskiya da kunya da ladabi da mutunci. A takarda suna zaune lafiya kusa da juna. A zaurenmu na ga sun yi karo. Ladabi ya ce kada ka ture dokin kakanka. Gaskiya ta ce kada ka ce ba ka gani ba alhali ka gani. Mutunci kuwa, wanda na ɗauka yana ɓangaren ladabi, sai na tarar ya koma ɗaya ɓangaren, domin mutunta mutum ya haɗa da yarda cewa zai iya ɗaukar faɗuwa. Al'adar da mahaifiyata ta kafa hujja da ita ma ta tanadi mafita tun tuni. Wasan jika da kaka da wasan taubasai filaye ne da aka keɓe inda ake ajiye kara a bakin ƙofa, ƙarami ya tsokani babba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Da na shigo da kara cikin wannan fili, na mayar da abokin wasana baƙo.

Akwai kuma abin da ban so faɗa ba. Abokina, wanda ba jininmu ba ne, shi ya fara yi mini tsegumi cewa duk turewar da aka ɗauke wa Kaka a kansa take sauka, tunda dole a huce a kan wani. Wannan ƙaramin zalunci ne, na amsa shi. Babban shi ne dalilina na ainihi. Na gaya wa kaina don Kaka nake yi, amma abin da nake gudu shi ne in zauna ina kallon hannun nan yana rawa yana ƙoƙarin ɗaukar doki ya mayar barga. Idona nake karewa. Tausayi irin wannan yana da arha, domin mai yin sa ne yake samun sauƙi, wanda aka yi wa kuma shi yake biya.

Duk da haka ban ce mahaifiyata ta yi kuskure ɗungurungum ba. Akwai marar lafiyar da ciwo ya kai shi inda ba ya bambance ci da faɗuwa, murmushin kawai yake nema, kuma ban ga laifin wanda ya ba shi ba. Akwai ranakun da Kaka kansa yakan tashi a gajiye, da na ture shi a irinsu da mugunta ce. Ba ni da ma'aunin da zai raba waɗannan ranaku in ban da duban fuskar mutum da sanin halinsa, kuma ana iya kuskure ta kowane ɓangare. Abin da na tabbatar kawai shi ne ba mu dubi fuskarsa ba. Mun yanke hukunci a kan ciwon, muka manta da mai ciwon, mutumin da ya yi shekaru yana yi wa dawakinmu haniniya.

Da Babbar Salla ta zo, gida ya cika, taubasaina suka shimfiɗa allon suna yi su uku. Aka fito da Kaka shan iska. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa ya ba su izinin barin ja a kwali. Na karɓi shuɗi daga hannun ƙanwata na zauna. Wasa ya yi nisa, ya fitar da dawaki biyu, ɗaya ya zagaye allon har saura gurbi biyu ya kama tsani. Na jefo uku. Na ƙirga sau biyu a zuci, ko da yake ban bukaci ƙirgawa ba. Zaure ya yi tsit. Mahaifiyata tana tsaye a ƙofar shiga gida da tiren nama, na ji idonta a ƙeyata.

Na ɗaga dokina, ɗaya, biyu, uku, na ture jan.

Ƙanwata ta miƙa hannu za ta ɗauke masa, ya buge hannun da na hagu. Da na dama ya ɗauka. Sau biyu dokin yana suɓucewa, ba wanda ya motsa. Da ya kai shi barga ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Ɗan banza, ka ci amanar kishiyarka. Za ka gani.” Ya jawo gwangwanin jifa ya girgiza. Bai samu shida ba sai a jifa na tara, kuma da ta zo, bayana ya biyo.