Ina Shaiɗan Ya Ɓuya a Salem?

A shekara ta 1692, a wani wuri da ake kira Salem a yankin Masacusets na ƙasar da ta zama Amurka daga baya, an rataye mutum 19 bisa zargin maita, mata 14 da maza 5. An kuma danne wani tsoho mai suna Giles Corey da manyan duwatsu har ya mutu, domin ya ƙi buɗe baki a gaban shari'a. Waɗansu sun mutu a kurkuku. Waɗanda suka yi wannan aiki masu bi ne, masu karanta Littafi Mai Tsarki safe da yamma. Iyayensu da kakanninsu, waɗanda ake kira Furitan, sun baro Ingila ne domin su kafa ikkilisiya mai tsarki a wurin da lalatar duniya ba za ta kai ba. Tambayar da ta kamata kowane mai bi ya yi ita ce: yaya aka yi mutanen da suka fi kowa tsoron Shaiɗan suka zama ma'aikatansa?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Salem kuwa ya daɗe da tsagewa. Ƙauyen ƙarami ne, daji na kewaye da shi, ga kuma labarin yaƙi da 'yan asalin ƙasar yana zuwa daga arewa. Manyan gidaje biyu, na Putnam da na Porter, sun shekara da shekaru suna gāba a kan gonaki da shugabanci. Fastoci uku sun zo sun tafi saboda rigima. Na huɗu, Samuel Parris, ya zo a 1689, ba da daɗewa ba aka shiga gardama a kan albashinsa, da itacen wutarsa, da gidan da yake zaune. Duk da haka ran Lahadi kowa yakan zauna a mazauninsa da fuskar tsarki. A irin wannan jama'a, mutum ba shi da inda zai faɗa cewa yana ƙin maƙwabcinsa, gama sunan tsarki shi ne dukiyarsa mafi girma. Zunubin da ba a furta ba kuwa ba ya mutuwa. Yakan zauna ya jira wata ƙofa.

Ƙofar ta buɗe a cikin gidan fasto kansa. A farkon 1692, 'yarsa mai shekara 9 da wata yarinya 'yar'uwarsa mai shekara 11 suka fara faɗuwa suna kururuwa, suna cewa ana tsunkulinsu. Likita ya rasa gane ciwon, ya ce mugun hannu ne. Aka matsa wa yaran su faɗi wanda yake azabtar da su. Sunaye uku suka fara fitowa: Tituba, baiwar gidan fasto, Sarah Good, matalauciya mai bara, da Sarah Osborne, wata mai ciwo da ta daɗe ba ta zuwa sujada. Dukansu uku mata ne waɗanda ba su da mai tsaya musu. Haka zargi yakan fara a ko'ina, daga kan wanda ba shi da gata. Amma bai tsaya nan ba. Har 'yar Sarah Good, yarinya mai shekara 4, aka kulle a kurkuku watanni.

Abin da ya ba zargin ƙarfi shi ne irin shaidar da kotu ta yarda da ita. In yarinya ta ce ta ga kurwar wance ta zo da dare tana shaƙe ta, sai a karɓa, ko da wancen tana gidanta a lokacin. Ba wanda zai iya ƙaryata abin da mutum ɗaya kaɗai ya ce ya gani. Ga kuma wani abu mafi muni: waɗanda suka amsa cewa su mayu ne, suka kuma ambaci waɗansu, an bar su da rai, waɗanda suka tsaya a kan gaskiyarsu, su aka rataye. Fiye da mutum 50 suka amsa laifin da ba su yi ba. Watau kotun da aka kafa domin a kori Shaiɗan ta zama wurin da ƙarya take ceton rai, gaskiya kuwa take kashewa.

Rebecca Nurse tsohuwa ce mai shekara 71, sananniya a ibada. Maƙwabta 39 suka sa hannu cewa ba su san ta da wani mugun abu ba. Masu yanke hukunci suka ce ba ta da laifi, amma da yaran suka sāke kururuwa a kotu, babban alƙali William Stoughton ya sa aka sāke dubawa. Aka fitar da ita daga ikkilisiya, aka rataye ta ran 19 ga Yuli. Bayan wata ɗaya aka rataye George Burroughs, wanda ya taɓa zama faston ƙauyen. A gindin igiya ya yi Addu'ar Ubangiji daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, abin da mutane suka gaskata maye ba ya iyawa. Jama'a suka girgiza, amma aka ce musu Shaiɗan yakan ɗauki kamannin mala'ikan haske, aka ci gaba da aikin.

Wani zai ce, to, ashe babu aljanu ke nan? Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Ubangiji Yesu ya fitar da aljanu daga cikin mutane da yawa. Amma a lura da yadda ya yi. A cikin sura ta fari ta Markus, ya tsauta wa aljanu, ya hana su magana. Ba a taɓa ganin ya tambayi aljani wane maƙwabci ne ya turo shi ba. Hankalinsa yana kan warkar da mai shan azaba. A ƙasar Garasinawa, ƙarshen labarin shi ne mutum a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa, ba a zubar da jinin kowa ba. Mutanen Salem sun yi akasin haka. Sun gaskata cewa Shaiɗan ne yake magana ta wurin wahayin da yaran suke gani, duk da haka suka mai da wannan wahayi shaida. A Yahaya 8:44 an bayyana Iblis a matsayin tushen ƙarya da kisankai, a Wahayin Yahaya 12:10 kuma a matsayin mai kai ƙarar masu bi. Ƙarya, da kisa, da zargi: duka ukun sun cika Salem a wannan shekara, amma a wajen masu zargi suke. Sun riƙe ayar Fitowa 22:18 a kan maita, suka manta da Maimaitawar Shari'a sura 19, wadda ta umarci alƙalai su bincike sosai, ta kuma ɗora wa mai shaidar zur hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa.

Munafunci a nan bai zama lalle mutum ya san yana yin ƙarya ba. Da yawa daga cikinsu sun gaskata abin da suke faɗa. Munafuncinsu shi ne sun ƙi duba zuciyarsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya fi sauƙi mutum ya ce wata tsohuwa ce ta kama kurwar ɗansa da ya ce shi kansa yana ƙyashin gonar ɗanta. Keɓewar jama'ar ta ƙara tsananta abin, gama babu baƙon ido da zai ce musu sun kauce. Sai da zargi ya fara kaiwa ga manyan mutane, fastoci kamar Increase Mather kuma suka yi gargaɗi a kan irin wannan shaida, sa'an nan Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoba. A watan Mayu na 1693 aka ba da umarnin sakin sauran.

Wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne. A arewacin Ghana, garin Gambaga ya yi suna da zangon matan da aka kora daga ƙauyukansu bisa zargin maita. A 2020, a Kafaba, an doki wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu bayan wata mai duba ta nuna ta. Duk ikkilisiyar da take barin mafarki, ko annabci, ko maganar mai fama da ciwo ta zama hujjar kiran wani maye, tana kan hanyar Salem, ko da da sunan addu'a ake yi.

Amma labarin yana da sauran haske. Ran 14 ga Janairu 1697, ranar azumin dukan ƙasar, Samuel Sewall, ɗaya daga cikin alƙalan, ya miƙe tsaye a majami'arsa a Boston aka karanta takardarsa, inda ya ɗauki laifin da kunyar a kansa. Mutum 12 daga cikin masu yanke hukunci su ma suka roƙi gafara. A 1706 Ann Putnam, wadda take da shekara 12 sa'ad da ta yi zargi, ta tsaya a gaban ikkilisiyar ƙauyen ta furta cewa ruɗin Shaiɗan ne ya sa ta ɗora wa marasa laifi. A 1711 hukuma ta biya diyya ga waɗansu iyalai, a 1712 aka soke fitarwar da aka yi wa Rebecca Nurse. Sunan mutum na ƙarshe, Elizabeth Johnson, sai a 2022 aka wanke shi, bayan shekara 329 da hukunta ta.

Igiya 19 ba su fitar da Shaiɗan daga Salem ba. Abin da ya fara karya ikonsa shi ne mutum ɗaya da ya tsaya a gaban jama'a ya ce shi ne ya yi zunubi. Ikkilisiyar da ta koya wa mutanenta furta zunubansu, ta bar ƙofarta a buɗe ga gargaɗin sauran 'yan'uwa, ta kuma tsaya wa gwauruwa da matalauci sa'ad da aka nuna su da yatsa, ita ce ta toshe tsagar bangonta.